Darasi: Matakan Kariya da Ke Hana Batirin Waya, Fawa Bank da Na'urorin Awo Kamawa da Wuta

Yau za mu leƙa cikin batir, abin da muke wuni da shi a aljihu, wasunmu ma har su kwana da shi a ƙarƙashin filo. Batirin litiyom da ke cikin wayarka shi ne dai a cikin fawa bank, laftof da fitila mai caji. Shi ne kuma a cikin na'urorin awo na hannu da masu gyara da injiniyoyi ke yawo da su, irin su mita mai caji, kyamarar gano zafi a jikin fanel da na'urar gwada layin intanet.

Kamfanin Sony ne ya fara sayar da wannan batir a 1991. A 2019 aka ba masana uku da suka share fagen ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Abin da ya sa ya mamaye duniya shi ne yana tara wuta mai yawa a ɗan ƙaramin jiki marar nauyi. Haɗarinsa ma daga nan yake. Saboda haka duk batirin kirki yana da matakan kariya hawa-hawa, kuma wanda ya san su zai iya bambance batirin da ya dace a saya da wanda zai iya ƙona masa waya, shago ko ɗaki.

Me ke cikin batirin?

Idan aka warware ƙwayar batir guda, za a ga dogayen fallaye ne da aka naɗe kamar tabarma ko aka jera su kan juna. Falle ɗaya na alminiyam ne da aka shafa wa sinadari mai litiyom, shi ne ɓangaren da ke da alamar +. Ɗayan na jan ƙarfe ne da aka shafa wa garin girafait, irin abin da ke cikin fensir, shi ne ɓangaren −. A tsakaninsu akwai wani siririn shamaki na roba wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Yana da ƙananan ƙofofi da litiyom ke bi ya wuce, amma ba ya barin fallayen biyu su taɓa juna. Dukkansu a jiƙe suke da ruwan batir.

Wannan ruwa ba irin na batirin mota ba ne. Na mota asid ne da ruwa, ba ya kamawa da wuta. Na litiyom kuwa yana kamawa. Ke nan a cikin batirin wayarka akwai wutar lantarki da aka tara, akwai ruwa mai kamawa, kuma abin da ya raba ɓangarorin biyu ɗan siririn shamakin nan ne kawai. Duk kariyar da za mu yi bayani a kai aikinta ɗaya ne: kada zafi ya yi yawa, kada kuma shamakin ya huje.

Iyakoki huɗu da batir ba ya son a ƙetare

Ta farko, iyakar cika. Ƙwayar batir ta yau da kullum tana cika ne a bolt 4.2, wanda za ka gani a rubuce 4.2V. Wasu baturan wayoyin zamani an ƙera su su kai 4.35 ko 4.4 ko ɗan sama da haka. Idan aka ci gaba da ɗura wuta bayan iyakar, litiyom zai fara taruwa a matsayin ƙarfe a kan ɓangaren −, ya fito da ƙananan tsinaye masu iya huda shamakin. Ɓangaren + kuma zai fara lalacewa yana fitar da zafi da iska.

Ta biyu, iyakar ƙarewa. Lokacin da wayarka ta nuna kashi 0 ta mutu, da sauran wuta a batirin, yana nan sama da bolt 3. Da gangan aka yi hakan. Idan ƙwayar ta faɗi ƙasa sosai, kamar ƙasa da bolt 2, ta kuma daɗe a haka, jan ƙarfen da ke ciki zai fara narkewa cikin ruwan batir. Ranar da aka sake sa mata caji, narkakken ƙarfen zai koma ya daskare a inda bai dace ba, yana iya haɗa ɓangarorin biyu ta ciki.

Ta uku, yawan wutar da ke fita a lokaci guda. Idan ƙarfe ya haɗa + da − kai tsaye, abin da masu gyara ke cewa ya yi shot, wuta mai yawan gaske za ta bi ta wurin cikin daƙiƙoƙi. Makulli, tsabar kuɗi ko sukundireba a cikin jaka sun isa su jawo haka.

Ta huɗu, zafi. Yawancin masu ƙera batir suna yarda a yi caji ne tsakanin digiri 0 zuwa 45 a ma'aunin Salshiyas, amfani da shi kuma kada ya wuce digiri 60. Kamfanin Apple ma ya ce iPhone an yi ta ne don a yi aiki da ita a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Ka tuna cewa a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, zafin Afrilu kaɗai yana haura digiri 40 a inuwa. Wayar da ke caji a wannan yanayi ta riga ta zo bakin iyaka tun kafin ka buɗe gem ko bidiyo.

Idan zafi ya ƙwace

Ga abin da ake gudu. Idan cikin ƙwayar batir ya yi zafi ya wuce wani mataki, sinadaran da ke ciki za su fara narkewa suna fitar da nasu zafin. Wannan zafi ya ƙara hura aikin, aikin ya ƙara haifar da zafi, haka abin zai yi ta ninkuwa har ya fi ƙarfin kowa. Shamaki ya narke, ruwan batir ya zama iska mai kamawa, ɓangaren + ya saki iskar oksijin da ke ciyar da wuta. Cikin ɗan lokaci zafin yana iya haura digiri 500. Da yake batirin yana samar da wani ɓangare na oksijin ɗinsa da kansa, rufe shi da bargo ba lallai ya kashe shi ba. Idan kuma akwai wata ƙwaya a kusa, zafin zai kama ta ita ma.

Matakin farko: kariyar da ke jikin ƙwayar

Shamakin da kansa mai gadi ne. A baturan kirki ana yin sa da robar da ke fara narkewa a wajen digiri 130. Idan zafi ya kai nan, ƙananan ƙofofin za su toshe, litiyom ya daina wucewa, wuta ta tsaya. Wasu kamfanoni suna haɗa shi da wata robar mai jure zafi har wajen digiri 160, ko su shafa masa garin tangaran, don ya toshe ba tare da ya yage ba.

Ƙwayoyi masu siffar gwangwani, irin 18650 da ke cikin fitilu, tsofaffin baturan laftof da fawa bank da yawa, suna da ƙarin kariya a ƙarƙashin hularsu. Sunan ma daga girmansu ya fito: faɗin milimita 18, tsawon milimita 65. Da yawansu suna da wani zobe da ake kira PTC, wanda ke rage wucewar wuta idan ya yi zafi, ya koma daidai idan ya huce. Akwai wani faifan ƙarfe da ake kira CID, wanda idan iska ta taru a ciki zai bankare ya tsinke hanyar wuta, kuma shi ba ya komawa. Sai ƙofar fitar da iska, wadda ke buɗewa don kada gwangwanin ya tarwatse.

Batirin waya kuwa a cikin jakar alminiyam mai laushi yake, ba shi da wannan hula. Shi ya sa idan iska ta taru a cikinsa sai ya kumbura, ya ɗaga murfin baya ko sikirin. Kumburi alama ce cewa batirin ya lalace ta ciki, kuma ba ya warkewa.

Mataki na biyu: ɗan fanel ɗin kan batir

Idan ka ɗaga tef ɗin da ke saman batirin waya, wajen da filas ɗinsa ya fito, za ka ga ɗan siririn fanel. Wannan shi ne babban mai gadi. A kansa akwai ƙaramin IC da ke auna bolt da yawan wuta dare da rana, da makunnai biyu na lantarki da ake kira MOSFET, ɗaya na hanyar shiga, ɗaya na hanyar fita.

Misalin da ya fi yawa a kasuwa shi ne IC mai lamba DW01 tare da 8205A, waɗanda za ka gani a ƙananan fanel na caji da ɗalibai da masu ƙere-ƙere ke saya. Idan bolt ya kai wajen 4.3, DW01 zai rufe hanyar shiga. Idan ya faɗi wajen 2.4, zai rufe hanyar fita. Idan aka yi shot, zai yanke wuta kafin ƙiftawar ido. Ka lura da lambobin: 4.3 ya ɗara 4.2, 2.4 kuma yana ƙasa da inda na'ura ke kashe kanta. Ma'ana, wannan fanel ba shi ne ke kula da caji na kullum ba. Burkin gaggawa ne da ke kamawa idan na'urar ta gaza yin nata aikin.

Mataki na uku: sensar zafi

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa batirin tsohuwar Nokia yake da ƙarafa uku a baki, alhali + da − kawai ake bukata? Na ukun na sadarwa ne tsakanin batir da waya. A wasu baturan yana sanar da wayar irin batirin da aka sa mata, a wasu kuma yana haɗe da sensar zafi da ake kira NTC. Wannan sensa ƙarfin tarewarta yana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa, sai wayar ta karanta ta san halin da batirin ke ciki. Idan wayarka ta rage saurin caji da rana tsaka, ko ta rubuto maka cewa ta dakatar da caji har ta huce, ba lalacewa ta yi ba, sensar ce ke aikinta.

Mataki na huɗu: IC ɗin caji

Abin da muke kira caja, wato kan da ake sa wa a soket, wuta kawai yake bayarwa. Ainihin mai caja batir yana cikin wayar, shi ne IC ɗin caji. Yana aiki ne zango-zango. Idan batir ya yi ƙasa sosai, sai ya fara da 'yar wuta kaɗan har ya farfaɗo. Daga nan ya ɗura wuta da ƙarfi. Da bolt ya kai iyaka sai ya riƙe shi a nan, yana rage wutar a hankali har ya yanke. Wannan ne dalilin da ya sa waya ke gudu daga kashi 20 zuwa 70, amma daga 90 zuwa 100 sai ta yi ta jan ƙafa.

Caji mai sauri ma sai an yi yarjejeniya. Caja ta gari tana farawa ne da bolt 5, ba za ta ƙara zuwa 9 ko sama ba sai wayar ta nema. Jabun caja mai sakin wuta ba tsari tana gajiyar da wannan IC, idan kuma ya ƙone, ɗan fanel ɗin kan batir kaɗai ya rage tsakaninka da matsala.

Na'urorin awo da batura masu ƙwayoyi da yawa

Waya ƙwaya ɗaya ko biyu gare ta. Manyan na'urorin awo na hannu, laftof da injin huda mai caji kuwa suna jera ƙwayoyi biyu, uku ko fiye don samun bolt mai yawa. Ƙwayoyi uku a jere suna ba da kusan bolt 11, idan sun cika 12.6. A nan wata sabuwar matsala ke fitowa: ƙwayoyin ba sa tsufa daidai. Jimillar tana iya nuna 12.6 daidai, alhali ɗaya tana 4.4, sauran biyun suna 4.1. Wadda ke 4.4 ta ƙetare iyaka, jimillar kuma ba ta nuna ba.

Saboda haka fanel ɗin irin wannan batir, wanda ake kira BMS, yana auna kowace ƙwaya ita kaɗai. Idan ɗaya ta riga sauran cika, zai riƙa zubar mata da 'yar wuta har sauran su kamo ta. Baturan kamfanonin kirki suna ƙara wani IC na biyu mai zaman kansa da fis na musamman. Idan IC na farko ya gaza, na biyun zai ƙona fis ɗin da gangan, batirin ya mutu har abada. Akwai kuma wani IC mai lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita, da adadin cajin da aka yi, yana aika wa na'urar bayani.

Me ya sa ake tsananta wa na'urar awo haka? Saboda rayuwar da take yi. Tana faɗuwa daga kan tsani, tana kwana a but ɗin mota cikin rana, tana gogayya da ƙarafa a akwatin kayan aiki, a wasu lokutan kuma a ajiye ta wata da watanni ba caji har batirin ya zube ƙasa. Ga kuma gargaɗi ga masu koyon gyara: kada ka auna wutar soket ko wata babbar wuta da mita alhali tana jone a caji, sai dai idan takardar kamfanin ta amince. Igiyar cajin tana iya zama hanyar da babbar wutar za ta bi ta iso gare ka.

Abin da kariya ba ta iya hanawa

Duk matakan lantarkin nan suna yanke wuta ne daga waje. Idan shot ɗin ya faru a cikin ƙwayar, babu makunnin da zai tsayar da shi. A 2006 kamfanin Dell ya janye baturan laftof miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, saboda ƙananan ɓarɓashin ƙarfe da suka shiga cikin ƙwayoyin a masana'anta. A Satumbar 2016 Samsung ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kusan miliyan 2.5, a Oktoba kuma ya daina ƙera ta baki ɗaya, Amurka ma ta hana shiga jirgin sama da ita. A Janairun 2017 kamfanin ya bayyana sakamakon bincikensa: a baturan farko, jakar ta matse fallayen ciki a kusurwar sama har suka lanƙwashe. A baturan da aka sauya kuma, tsinin walda ne ya huda shamaki. Idan hakan ta faru ga manyan kamfanoni masu ɗakunan gwaji, ka yi tunanin batirin da ba a san ma wanda ya ƙera shi ba.

Haka lanƙwasa batir, huda shi da sukundireba wajen cirewa ko zama a kan waya duk suna iya yaga shamaki. Wannan ɓangaren kariyar a hannunka yake.

Yadda za ka gane batirin kirki

Akwai gwaje-gwaje na duniya da batirin gaske ke wucewa. UN 38.3 na Majalisar Ɗinkin Duniya gwaji takwas ne da ake yi kafin a yarda a yi safarar batir, ciki har da girgiza, duka, sauyin zafi da sanyi, shot da wuce iyakar caji. Akwai kuma IEC 62133 na ƙananan na'urori. Sai dai rubutu ba wuya, masu jabu ma suna buga tambari, don haka ka haɗa da hankali.

Ƙwayar 18650 ta gaske ba ta cika wuce 3,500mAh ba, nauyinta kuma yana kusa da giram 45. Wadda aka rubuta wa 9,900mAh, ga ta shafal a hannu, ƙarya ce. Fawa bank mai 20,000mAh dole ya yi nauyi, don kusan ƙwayoyi shida irin waɗannan ake bukata. Ga wani lissafi mai amfani: ka ninka 20,000 da 3.7, ka raba da 1,000, za ka samu 74Wh. Ƙa'idar jiragen sama ta yarda da 100Wh ba tare da izini na musamman ba, kuma a jakar hannu kawai, ba a cikin kayan da ake lodawa ƙasa ba. Matafiya su riƙe wannan.

Gwaji ga mai mita

Idan kana da mita da batir mai cirewa, sa mitar a awon bolt na DC, jan tsinke a +, baƙi a −. Kusan 4.2 cike yake, 3.7 zuwa 3.8 rabi, ƙasa da 3.3 ya kusa ƙarewa. Idan ka ga 0, mai yiwuwa fanel ɗin ne ya rufe hanya saboda batirin ya zube. Kada ka taɓa sa mitar a awon amfa ka ɗora kai tsaye a kan + da −, domin shot ne ka yi da hannunka.

Dokoki bakwai na kullum

1. Kada ka yarda a cire ɗan fanel ɗin kan batir ko a tsallake shi da waya don batirin ya tashi.
2. Batirin da ya daɗe a mace, kada a buga masa babbar wuta kai tsaye don tayar da shi. Idan caja ta gari ta ƙi karɓarsa, a sauya shi.
3. Kada ka yi caji a ƙarƙashin filo, a kan katifa, a rana ko a gaban gilashin mota. A wurin masu caji, ka duba kada a jibge wayarka cikin tarin wasu masu zafi.
4. Batir ya kumbura, daina caji nan take. Kada ka huda shi, kada ka danne shi don murfi ya rufu.
5. Idan wayarka tana da tsarin tsayar da caji a kashi 80 ko 85, kunna shi. Batir ya fi daɗewa idan ba ya zama cike a cikin zafi.
6. Na'urar da za ka ajiye, bar ta da kusan rabin caji a wuri mai sanyi, ka riƙa duba ta bayan 'yan watanni.
7. Ƙwayar da ba ta cikin na'ura, rufe bakinta da tef. Kada a jefa mataccen batir cikin sharar da za a ƙona.

Idan kuma ka ji wani wari mai kama da na sinadari, ko ƙarar huci, ko ka ga hayaƙi, cire caja daga soket idan za ka iya ba tare da haɗari ba, ka fitar da mutane, kada ka shaƙi hayaƙin domin guba ne. Ƙaramar na'ura kamar waya ko fawa bank, bayan an raba ta da soket, ruwa mai yawa yana sanyaya ta ya hana wutar yaɗuwa. Ka bar ta a waje a kan ƙasa ko siminti na tsawon sa'o'i, domin batirin litiyom yana iya sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu. Idan wutar ta kama wasu kaya, a kira 'yan kwana-kwana.

A nan za mu dakata. Kafin darasi na gaba, ɗauki fawa bank ɗinka ka karanta rubutun jikinsa, ka yi lissafin Wh da kanka, ka gwada shi da nauyin da kake ji a hannu. Sannan ka ɗora wayarka a kan tebur ka duba ko murfinta ya fara ɗagawa.